Amanar Takardu a Ofishin Lauya: Shawara ga Lauyoyin Ƙaura, Shinkafi da Zurmi

Wani matashin lauya mai ofis a Ƙauran Namoda, wanda shari'o'insa kan kai shi Shinkafi da Zurmi, wani lokaci har Gusau, ya aiko yana tambayar irin kwamfutar da ta dace ya saya, domin tasa ta mutu ana dab da cikar wa'adin shigar da takardu, alhali kuwa duk abin da ya rubuta tun da ya buɗe ofis yana cikinta. Barista, Allah ya mayar da alheri. Amma ka yi mini haƙuri in jinkirta amsar abin da ka tambaya, in fara da abin da ba ka tambaya ba, gama wanda ya sayi sabuwar na'ura bai gyara tsarin ofishinsa ba, musibar da ta same shi jiya tana nan tana jiransa gobe.

Malamanmu na Malikiyya sun yi bayani a babin ajiya cewa wanda aka ba amana ba ya ramuwa idan ta salwanta, sai fa in an tabbatar ya yi sakaci. To, takardar sayen gona da dattijo ya ɗauko daga Zurmi a cikin leda, da lissafin gadon da magada suka yi shekaru suna jayayya a kansa, da sirrin da mai ƙara ya faɗa maka bayan an rufe ƙofa, duk ajiya ce a hannunka, ko suna cikin kabad ko suna cikin kwamfuta. Dokar ƙasa ma ba ta saɓa wa wannan ba, domin Dokar Shaida ta 2011 ta hana lauya bayyana abin da ya gudana tsakaninsa da wanda yake wakilta sai da izininsa, Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuwa ta ɗora wa mai riƙe da bayanan mutane nauyin tsare su. Kotu kuma ba ta san mutuwar kwamfuta ba: kwana 21 ne na shigar da ƙarar zaɓe, kuma babu ƙari a kansu ko da kwana guda.

Farkon abin lura shi ne wuta, kuma ba zan tsawaita a kansa ba, tunda kowa a yankin nan ya san halinta. Akasarin na'urorin da ke mutuwa a wurinmu ba tsufa ke kashe su ba, wutar da kan zo da ƙarfi bayan an daɗe ba a gan ta ba ce, da janareton da aka tayar ba a jira ya daidaita ba, sai kuma ƙurar hunturu da ke toshe fankar ciki har zafin bazara ya zo ya ƙarasa aikin. Ƙaramin farantin sola da batir da inbata sun wadaci ofis mai kwamfuta biyu da fanka; firintar leza ce kawai mai jan wuta, ita a bar ta kan janareta. In hadari ya taso da damina, a zare komai daga bango.

Abu na biyu, wanda shi ne jigon maganar, shi ne kwafi. Mutanen birane za su ce maka ka ɗora komai a ma'ajiyar intanet irin ta Google ka kwanta ka yi barci, kuma shawara ce mai kyau ga wanda bai taɓa wayar gari ya ga babu sabis a jiharsa baki ɗaya ba. Mu kuwa mun gani, domin a farkon Satumba na 2021, zamanin Gwamna Bello Matawalle, hukumar sadarwa ta ƙasa ta umarci kamfanoni su katse layukan waya a duk faɗin Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka ce mako biyu, sai ga shi Gusau ba ta sami sabis ba sai a watan Oktoba, sauran ƙananan hukumomi kuwa suka ƙara makonni a bayan haka, har mutane suna shiga mota zuwa Funtuwa don su buga waya kawai. Wanda takardunsa ke intanet kaɗai a lokacin, daidai yake da wanda ba shi da su. Saboda haka wajibi ne kowace takarda ta zauna wuri uku: a kwamfutar aiki, da faifan ajiya na waje wanda ba ya kwana a ofis, da kuma intanet duk sa'ad da sabis ya samu. A tsayar da rana guda a mako, misali yammacin Alhamis, akawu ya kwafe aikin mako, kai kuma ka buɗe fayil ɗaya ko biyu daga cikin kwafin da idonka, gama sau da yawa sai ranar buƙata ake gane cewa faifan fanko ne. Dokokin da kake yawan komawa gare su, da ƙa'idojin kotu, su ma a sauke su a ajiye.

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare, wadda ni a ganina ta fi mutuwar na'ura muni, ita ce aika yaro da filash zuwa shagon buga takardu na bakin kasuwa. Takardar rantsuwa kan zauna a allon mai shago, da sunan mace da dalilin da ya sa take neman a raba aurenta, mai jiran a buga masa katin biki yana tsaye a baya yana karantawa. Filashin kuma ya dawo ofis ɗauke da cutar kwamfuta. A gari irin Shinkafi, inda kowa ya san gidan kowa, kuma a zamanin da sanin cewa wane ya sayar da gona ya karɓi kuɗi kan iya jawo masa baƙin dare, wannan ya wuce batun kunya. Ofishin lauyoyi na Mossack Fonseca a ƙasar Panama, mai rassa a ƙasashe da dama, takardunsa kimanin miliyan goma sha ɗaya da rabi suka fita duniya a 2016, bai kuma wuce 2018 ba ya rufe. Firinta ta ofis, da kalmar sirri a kan kowace na'ura, da lambar tsaro ta biyu a WhatsApp, ba su kai kuɗin hayar ofis na shekara ba.

Sai batun mai gyara. Ofishinka bai kai ya ɗauki ma'aikaci don wannan kaɗai ba, amma lauyoyi uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su riƙe mutum ɗaya, kuma Ƙaura ba ta rasa masu wannan sani, tunda Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya tana garin tun 1983. A zaɓe shi don amanarsa kafin gwanintarsa, a rubuta yarjejeniya da ta ƙunshi riƙe sirri, ya riƙa zuwa wata-wata ko babu abin da ya lalace, ya yi gyara a gabanka, kada na'ura ta kwana a shagonsa da takardun mutane a ciki. A buɗe masa littafi na musamman, ya rubuta ranar zuwansa da abin da ya taɓa, ya sa hannu. Amfanin littafin zai bayyana ranar da ka buga saƙonnin waya za ka gabatar a babbar kotu, domin sashe na 84 na Dokar Shaida ya shar'anta a nuna na'urar da ta fitar da takardar, da cewa tana aiki daidai a lokacin, kuma Kotun Ƙoli ta ƙi karɓar takardun da aka bugo daga intanet a shari'ar Kubor da Dickson ta zaɓen gwamnan Bayelsa a 2012 saboda rashin cika wannan sharaɗi.

Amma tambayarka, amsarta gajeriya ce. Sayi kwamfutar tafi-da-gidanka mai batir mai rai, ko da ta hannu ce, muddin tana ɗaukar Windows 11 na asali, tunda Microsoft ya daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025. Tsohuwar kuwa kada ka sayar, kada ka yar. A ciro faifanta a gabanka a gwada shi a wata na'urar, domin a mafi yawan lokuta allon wuta ne ke ƙonewa, takardun suna nan lafiya.