Me Ya Sa Ƙarin Zurfi Ba Ya Kawo Ruwa a Zoza?

Neman ruwan ƙarƙashin ƙasa shi ne aikina, kuma a yankin Karaye da Rogo babu maganar da na fi ji kamar "a ƙara zurfi". Ana haƙa burtsatse a Zoza, inji ya kai mita 60 yana ta fesa farar ƙura, sai 'yan kwamiti su ce ai a Borno ana wuce mita 300 kafin a cim ma ruwan kirki. A Borno gaskiya ne. A Zoza kuwa sau da yawa zubar da kuɗi ne, domin ƙasan wuraren biyu ba ɗaya ba ne.

Zoza a kan tsohon dutsen tushe take zaune, irin falalen da ke leƙowa a gonaki da bakin rafi. Wajen shekara miliyan 600 da suka wuce manyan ɓangarorin ƙasa suka yi karo a nan, duwatsu suka narke, suka lanƙwashe, suka tsattsage. A kusa da Kaduna an auna wasu da suka haura shekara biliyan 3. Dutsen nan ne ke ɗauke da Kano da Zariya da Funtuwa. Yana nan a ƙarƙashin Haɗeja da Sakkwato ma, sai dai can ya nutse, yashi da laka sun binne shi. Kamar daɓen ɗaki ne da ya lotsa ta wasu wurare: a lotson ƙasa ke taruwa, mu kuwa a kan tudun muke.

Ba da ka ya lotsa ba. Tsagogin da wancan karo ya bari ba su warke ba. Da Afirka ta fara rabuwa da Kudancin Amurka, sama da shekara miliyan 100 da suka wuce, ƙasa ta bi tsofaffin wuraren rauninta ta yage. Haka kwarin Binuwai ya samu, da reshensa na Gongola, da kwarin Termit a gabashin Nijar. Dutsen tushe ya rufta kilomita da dama, koguna da teku suka cika ramin da laka mai ɗauke da ragowar halittu, zafi da nauyi suka dafa ta. Daga nan man Kolmani ya fito, a iyakar Bauchi da Gombe, haka ma na Agadem da matatar Damagaram ke tacewa tun 2011.

Ta yamma abin a hankali ya tafi. Dutsen ya sunkuya sannu a hankali zuwa arewa maso yamma, teku mara zurfi ya shigo ya janye, ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita a Sakkwato. Shi ya sa shimfiɗar can ke ƙara kauri idan ka doshi Nijar. Ko yuraniyom na Arlit a gefen wata doguwar tsaga ya taru, bayan ruwa ya wanko shi daga duwatsun Azbin.

Mu ne ma masu kai wa kwarin Chadi kaya. Yashin da damina ke kwasa daga gonakin Karaye yana bin Challawa, ya wuce Wudil inda kogin ke sauka daga dutsen tushe, ya bazu a ƙasar Haɗeja da Nguru. Tun da aka kammala madatsar Challawa a 1992, da yawansa a bayan madatsar yake kwanciya, amma wannan wata magana ce.

To, ina ruwan Zoza yake? Wuri biyu ne. Na farko ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara, wanda rijiyoyin gargajiya ke sha daga gare shi. A wani wurin kaurinsa bai fi mita 5 ba, a wani ya kai 30. Na biyu tsagogin da ke cikin dutsen kansa, su kuwa ƙara matsewa suke yi yayin da ake nutsawa, saboda nauyin da ke kansu. Lafiyayyen dutse ba ya riƙe ruwa, ko za a huda shi har gobe. Shi ya sa za ka ga gida biyu suna kallon juna, famfon wannan bai taɓa ƙafewa ba, na wancan ko guga ba ya cikawa. Ɗaya ya faɗa kan tsaga, ɗaya ya kauce mata da taku kaɗan. A ɓangaren Borno da ke cikin kwarin Chadi kuwa, shimfiɗar yashi mai ruwa tana tafiya kilomita da yawa, duk inda ka huda za ka tarar da ita.

Tsofaffin masu haƙa rijiya sun fahimci wani abu a nan. Suna duba suri, da inda kanya da ɓaure ke zama shar da rani. Ni ma ina dubawa kafin in shimfiɗa wayoyin awo, domin lantarkin da muke turawa cikin ƙasa abu ɗaya yake nema da saiwar bishiya.

Lokaci zuwa lokaci kuma akan zo mini da labarin wai an ga alamar fetur a rijiyar wani ƙauye. A kan wannan dutsen ba a samun fetur, don babu lakar da za ta haife shi. Idan ruwa na warin mai, a bincika tankin gidan mai ko injin ban-ruwa da ke kusa.

Ga masu shirin haƙa: a yi awon ƙasa tukuna, a wuri fiye da ɗaya, ko da wurin da ya fi kyau ba ƙofar gidan mai unguwa ba ne. A rubuta a yarjejeniya cewa idan inji ya shiga busasshen dutse ya yi nisa ba alamar tsaga, za a tsaya a sake wuri, tunda da mita ake biyan mai haƙa. A karɓi takardar da ke nuna abin da aka ratsa a kowane zurfi. Kafin a sayi famfo da tanki kuma a gwada jan ruwan na sa'o'i, kuma gwajin watan Afrilu ya fi na Satumba faɗin gaskiya.