Me Ya Sa Amsar Wolfram Alpha Ta Saɓa da Ta Littafi?

Tambaya: Malam, ina ajin ƙarshe na sakandare, ina shirin WAEC. Yayana ya nuna min Wolfram Alpha, ya ce ba ya kuskure a lissafi. Na rubuta masa log 100 ya ba ni 4.605, alhali littafinmu da kalkuleta duk 2 suka ce. Wa zan bi?

Amsa: 'Yata, littafinki daidai ne, shafin ma bai yi ƙarya ba. Abin da kika nufa daban, abin da ya ji daban.

A makarantunmu, in an rubuta log kawai, mai tushe 10 ake nufi, shi ya sa log 100 ya zama 2. Shi kuwa wannan shafi, kamar yadda masana lissafi na jami'a suka saba, yana ɗaukar log a matsayin mai tushe e, wato lambar nan 2.718, wanda kalkuletarki ke kira ln. Kamar ki aiki yaro ya sayo miki mai ne, ba ki ce na ja ko na gyaɗa ba. Rubuta log10(100), za ki ga 2 ɗinki.

Stephen Wolfram, masanin kimiyya haifaffen Landan da ya fito da manhajar Mathematica a 1988, shi ya ƙaddamar da shafin a watan Mayun 2009. Ba ya tattaro miki shafukan intanet kamar Google. Lissafa amsar yake yi da kansa, daga ƙa'idoji da bayanan da aka tace aka ajiye masa. A lissafin da wuya ki kama shi. Inda ake samun tangarɗa shi ne wajen fahimtar tambaya, musamman da yake da Turanci da alamomin lissafi ake yi masa magana, ba ya jin Hausa.

Don haka kada idonki ya yi tsalle zuwa amsa. A saman shafin akwai layin da yake nuna yadda ya fahimci abin da kika rubuta, sau da yawa har da sanarwar zaton da ya yi, da wurin da za ki taɓa ki sauya. Ɗalibai ba sa karanta wannan layi, kuma nan ne asarar take. Ga wani tarkon da ya fi na log kama mutane: kika rubuta 1/2x, zai ɗauke shi rabin x. In x tana 4, amsa 2 ke nan. In kuwa ɗaya bisa 2x kike nufi, sai kin sa baka, 1/(2x), amsar ta koma 0.125. A sin da cos kuma, duba ko digiri ya ɗauka ko radiyan.

In ya warware miki matsala, gwada shi. Ya ce amsar x² − 5x + 6 = 0 ita ce 2 da 3? Mayar da su gurbin x da bironki, ki ga ko sifili zai fito.

Tambayoyin da ba na lissafi ba sun fi buƙatar hattara. Nauyin sinadari ko saurin haske, waɗannan tabbatattu ne. Amma in kin tambaye shi yawan mutanen Kano, ki duba shekarar da ya maƙala wa adadin. Rabon Najeriya da ƙidaya tun 2006, saboda haka duk wani adadi na bayan nan ƙiyasi ne, ko wa ya kawo shi.

Game da WAEC kuwa, ba a shiga ɗakin jarrabawa da waya, kuma a takardar da ake nuna aiki, matakan da kika bi suna da makinsu. Cikakken bayanin mataki-mataki a shafin na masu biyan kuɗi ne, ni kuma ban ga dalilin da za ki matsa wa iyayenki a kansa ba. Fara yin aikin a takarda tukuna, sannan ki tambaye shi. In amsoshinku sun saɓa, duba layin saman nan. In can lafiya lau ne, bi aikinki layi-layi, ko ki kai wa malamin lissafinku ya nuna miki inda kika kauce.