Ɗan Karkare da Kumburin Gindin Farce

Dubi gindin farcenka. Akwai wata siririyar fata da ta manne a jikin farcen, ita ce ke rufe hanya kada datti ya shiga. Idan ta yage, ƙwayoyin cuta sun sami ƙofa.

A nan Garwa abubuwan da ke yaga ta suna da yawa: tsinin ƙwaryar auduga lokacin tsinka, ƙayar kifi a hannun masuntan Binuwai da Lagdo, kaushin hunturu, da cizon farce. Ga kuma mai yankan farce na kasuwa, wanda ke kankare wannan fata da almakashin da ya yi wa mutum goma aiki. Ya yanke farce, amma ya bar gindin.

Bayan kwana ɗaya ko biyu sai wurin ya kumbura, ya yi zafi, yana zogi har ya hana barci. Tun a nan za ka kama shi. Cire zobe. Jiƙa yatsan cikin ruwan ɗumi mai ɗan gishiri minti 15, sau 3 ko 4 a rana. Sau da yawa wannan ya isa.

Amma idan mugunya ta taru, ko kwana 2 suka wuce babu sauƙi, zo asibiti a buɗe wurin da kayan aiki masu tsabta. Aikin ɗan lokaci ne. Kada ka tsaga da reza, kada ka zuba kalanzir, man birki ko ruwan batir. Garin kafso da ake barbaɗawa shi ma ba ya kaiwa inda mugunyar take. Wanda ya jira mako biyu yana iya zuwa ya tarar ciwon ya kai ƙashi, wani lokaci har sai an yanke gaɓar yatsa. Idan kuwa ƙananan ƙuraje ne masu ruwa garai-garai a cunkushe, wannan wani iri ne, ba a tsaga shi sam.

Zazzaɓi, kaluluwa a hammata, zafi da ke hawa hannu, ko yatsa ya ƙi lanƙwasuwa: zo ranar nan. Mai ciwon sukari kada ya jira ko kwana ɗaya.

Ke kuma uwargida, da hannunki ke yini cikin ruwan wanki da omo, naki yakan zo a hankali. Gindin farata biyu ko uku ya ɗan tasa, siririyar fatar ta ɓace, farcen ya yi gargada ya canja launi, a yi makonni 6 ko fiye ana haka. Ba maita ba ce, jiƙa ce. Ki riƙa shanya hannu sosai bayan aiki, ki shafa man kaɗanya ko basilin, ki sa safar hannu ta roba in da hali. Akwai man shafawa a asibiti. Sai dai haƙuri, domin sabon farce yakan ɗauki wajen wata 6 kafin ya gama fitowa.