Hira a Bakin Wuta

'Yan'uwa, a watan Janairu hunturu ya kan kora mu ɗaka tun da magariba. A nan Tudun Jukun mu kan kewaye kaskon wuta, yara suna gasa dankali, uwargida tana ɓarar gyaɗa, wani kuwa yana karanta mana Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fito a 1937. Ni dai ban san hirar da ta fi wannan daɗi ba.

Amma fa ku lura. Garwashin gawayi yana fid da wata iska marar wari, wadda ta kan kashe mai barci a rufaffen ɗaki. Kafin a kwanta, sai maigida da kansa ya fitar da kaskon waje. Kada a bar wa yaro wannan aiki.