Sunayen Ƙarshen Fim ɗin Abinci

Ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, in kuna haɗa fim kan abincin gida, kada ku bar sunayen ƙarshen fim sai daren miƙa aiki. Sunayen masu girki su zo kafin na darakta: mai fura daga Babura, mai dambu daga Roni. Ku nemi izininsu tukuna, domin wata matar aure ba ta son sunanta ya fita.

Ku gwada salon haruffa tun da wuri, da yawansu ba su da ƙ, ɗ da ɓ. Motsi kaɗan ya wadatar, kamar tururi na tashi daga tukunya sunaye na bin sa. A waya za a kalla, don haka rubutu ya yi girma, kowane suna ya daɗe har a karanta shi sau biyu.