DARASI: HUTUN DAMINA TSAKANIN ALLO, GONA DA IYALI

Bismillahir Rahmanir Rahim. Godiya ta tabbata ga Allah, Wanda Ya sanya dare domin hutawa, rana kuma domin neman abinci. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya kai mai karatu, duk shekara in an zo rufe makaranta domin dogon hutu, sai wasu iyaye su tare mu a bakin ƙofa suna cewa, "Malam, shin karatun addini ma har da hutu? A bar mana su a makaranta mana, in sun zauna gida fitina za su yi." Wasu kuma tun kafin a gama jarrabawa sun janye 'ya'yansu zuwa gona. Wannan darasi amsa ce ga ɓangarorin biyu, kuma tunatarwa ce ga mu malamai, domin mu ma mukan kasa raba hutun nan yadda ya dace.

ASALIN HUTU A MUSULUNCI

Ka sani, ɗan'uwa, ba daga boko muka aro hutu ba. Imamul Buhari ya kawo labarin Salmanul Farisi (RA) lokacin da ya ziyarci Abud Darda'i (RA), ya tarar da maiɗakinsa ba ta cikin walwala, saboda mijin ya duƙufa ga azumi da tsayuwar dare. Salmanu ya sa shi ya ci abinci, ya sa shi ya yi barci har ƙarshen dare, sannan ya nuna masa cewa Ubangijinsa da jikinsa da iyalinsa kowanne yana da hakki a kansa. Da maganar ta je gaban Manzon Allah (SAW), sai ya gaskata Salmanu.

Haka kuma Abdullahi ɗan Mas'udu (RA) ranar Alhamis kaɗai yakan yi wa mutane wa'azi. Da aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, sai ya ƙi, don gudun kada su ƙosa, ya kuma ce haka Annabi (SAW) yake zaɓar musu lokaci.

Malaman mazhabarmu ta Malikiyya ma ba su bar wannan babi ba. Muhammadu ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, ya rubuta littafi kan ladubban malaman makaranta, ya yarda a ba yara hutun kwana ɗaya zuwa uku a Ƙaramar Salla, kwana uku zuwa biyar a Babbar Salla. Imamul Gazali kuwa, wanda ya rasu a 505, ya yi gargaɗi a cikin Ihya'u cewa hana yaro wasa bayan karatu yana kashe masa zuciya, ya dushe masa basira. Ga kuma hutun Alhamis da Juma'a da muka gada a makarantun allo, wanda malamanmu ke jingina asalinsa ga Sayyidina Umar (RA).

HUTUNMU NA MANOMA NE

Sai dai hutun Malumfashi ba irin na birni ba ne. Mu nan da Funtuwa da Bakori da Ƙafur da Danja, dogon hutu yana faɗowa ne tsakiyar damina, daga ƙarshen Yuli zuwa cikin Satumba. Lokacin ne ake maimai da huɗa, ana zuba taki na biyu, marka ta sauka, ciyawa na tsere da masara da dawa da auduga da waken suya. Malami kuwa, in ban da ƙalilan, shi ma manomi ne, don abin da ake ba shi a Islamiyya ba ya kai shi ƙarshen wata. To, ka ga abu uku suna jan rigarsa: gona, da iyali, da shirin zango mai zuwa. In ya saki ɗaya, sai sauran su ji a jikinsu.

Ni kaina na taɓa faɗawa wannan rami. Wata shekara na ce ba zan ɓata hutu ba, na tara ɗalibai safe da yamma, dare kuma ina rubuta darasi. Kafin in farga ciyawa ta cinye mini rabin masara, ban leƙa gyatumata a ƙauye ba ko sau ɗaya, kuma ranar da aka koma makaranta muryata ta dushe, raina a ƙuntace, yaro ya yi kuskure kaɗan sai in hau shi da faɗa. Shekarar da ta biyo baya na ce na daddara, na rufe littafi gaba ɗaya sai gona. Ran komawa na tsaya gaban aji ban san inda muka tsaya a Ahlari ba, sai da wata yarinya ta tuna mini. Rana dai ba ta ƙarya, sai dai uwar ɗiya ta ji kunya.

YADDA MALAMI ZAI RABA HUTUNSA

A ɗauka hutun mako shida ne. Ga tsarin da na jarraba, na ga amfaninsa:

Na ɗaya, kwana uku na farko a rufe zangon da ya wuce tun ba a manta ba. A rubuta inda kowane aji ya tsaya a Alƙur'ani da Fiƙihu da Hadisi da Tauhidi da Larabci, da sunayen yaran da aka bari a baya da abin da ya gagare su.

Na biyu, mako uku zuwa huɗu na tsakiya na gona ne da iyali da zumunci. Littafi ba shi da rabo a ciki sai sa'a ɗaya bayan sallar Asuba, domin muɗala'ar malamin kansa. In ya dawo daga gona ya yi wanka, to lokacin na maiɗakinsa ne da 'ya'yansa. Abin kunya ne a ce malam ya gyara karatun 'ya'yan mutane ɗari, nasa ba wanda ya taɓa biya masa allo.

Na uku, kwana goma na ƙarshe a zauna da kalanda biyu, ta Hijira da ta Miladiyya. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, saboda haka azumi da Salla da Mauludi kullum matsowa suke yi. A 2025, misali, jihohin Katsina da Kano da Bauchi da Kebbi sun rufe makarantu a watan azumi. Duk malamin da bai yi lissafi ba, littafi ya tsaya masa a tsakiya. A ƙirga makonnin zango, a cire na bita da na jarrabawa da na bukukuwa, a kuma tuna yara za su yi ƙaranci lokacin girbi, sannan a raba babukan littafi a kan abin da ya saura. Wanda ya yi haka ba zai riƙa gudu da yara a ƙarshen zango ba.

RABON ƊALIBI

Kai kuma ɗalibi, da ke ɗaliba, hutu ba sallama da Alƙur'ani ba ne. Hadisi ingantacce ya kwatanta hadda da raƙumin da aka ɗaure: in ana kula da shi ya zauna, in an sake shi ya tafi. Ga lissafi mai sauƙi. Alƙur'ani izu sittin ne, kowane izu sumuni takwas. Mai haddar izu biyar yana da sumuni 40. In yana tilawar sumuni biyu kullum bayan Asuba, cikin kwana 20 ya zagaye haddarsa, kafin a koma ya zagaye ta sau biyu. Arba'una ta Imamun Nawawi kuma hadisi 42 ce, mako shida kuwa kwana 42 ne. Hadisi ɗaya a rana bayan Magariba ya ishe ka. Duk wannan bai kai sa'a ɗaya ba. Sauran yini ka taya baba aikin gona, ki taya inna aikin gida, ku gaida kakanni, ku yi wasanku. Amma ku nisanci wanka a kududdufi da rafi in ruwa ya cika, ku kwana cikin gidan sauro, don damina lokacin zazzaɓi ne.

RABON IYAYE

Ya ku iyaye, abu uku muke roƙo. Ku saurari tilawar yaro ko da na minti goma ne. In ba ku iya gyarawa, yayansa ko yayarsa su riƙe masa Mushafi. Kada a ɗora masa aikin da ya fi ƙarfinsa, ko a tura shi gona mai nisa shi kaɗai, musamman a wannan hali na rashin tsaro. Sannan ku bar malami ya huta, ku kuma cika masa hakkinsa na watan hutu, domin shi ma cikin gidansa ana ɗora tukunya. In an koma makaranta, a turo yaro ranar farko. Wanda ya makara mako biyu, ya shiga zango da bashi a wuyansa.

TAMBAYOYI

1. Hakkoki nawa Salmanu (RA) ya tuna wa Abud Darda'i (RA)? Kawo su.
2. Me ya hana Ibnu Mas'udu (RA) yin wa'azi kullum?
3. Mai haddar izu uku, in yana karanta sumuni biyu a rana, kwana nawa zai yi ya zagaye?

A rubuto amsa a kawo wa malamin aji ranar komawa. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya sa mu koma da ƙarfi da hadda cikakkiya, amin. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.