BAWON LEMO DA ƘWALLON DARBEJIYA: MAGANIN DA MUKE ZUBARWA A JUJI

Karatunmu na wannan wata a kan abin da muke zubarwa ne. Kun san angurya. Wanda bai sani ba sai ya ce ita ce dattin auduga, alhali daga cikinta a kan tatsi mai, a ba shanu tunkuzar. To, haka 'ya'yan itatuwa suke. Raina kama ka ga gayya.

Abin da ya sa na ɗauko zancen

Bara wani dattijo a nan Changli ya ajiye irin wakensa a tukunya tun kaka. Da damina ta faɗi ya buɗe, sai ya tarar da gari da ƙwari. Dole ya ci bashi ya sayi iri, aka cire daga kuɗin audugarsa. A bakin ƙofar gidan nan kuwa 'yarsa take fere lemo kullum, tana share bawon zuwa juji.

Ina maganin yake?

Ɗauki ɗanyen bawon lemo ka duba shi a rana. Za ka ga 'yan ɗigo-ɗigo birjik. Kowane ɗigo 'yar jaka ce cike da mai. Shi ne ke yi wa mutum yaji a ido, shi ne kuma ke tartsatsi in yara sun matsa shi a bakin fitila. Masana suna kiran babban sinadarin da ke cikinsa limonin, ya kai kashi 90 cikin 100 na man, ko fiye. Ƙananan ƙwari ba sa jure masa, shi ya sa matanmu kan ƙona bawon a garwashi domin sauro.

Amma yana da aibi ɗaya, watau gudu. Da zarar jakar ta fashe, iska da zafin rana sai su kwashe shi. In ka ji ƙanshin lemo ya cika wuri, to, magani ne ke tafiya.

Yadda ma'aikatu suke kama shi

A ma'aikatar matsar lemo, kamar wadda ke Asamankese a kudu, ko manyan na ƙasar Barazil, wajen rabin nauyin lemon ne ke saura bayan an matse ruwan. Masu dabara ba sa zubarwa. Su kan kankare bayan bawon da inji, su wanke man da ruwa, kana su raba shi da ruwan. Ragowar tuƙar a busar a ba shanu.

Sa'an nan sai a kulle man don kada ya gudu. A kan jiƙa ƙaro, irin wanda ake tsinka a Barno da Yobe da Cadi da Sudan, ko kuwa sitaci, a zuba man a kaɗa sosai har ya zama kamar nono. Sai a fesa shi cikin wani dogon daro mai iska mai zafi. Ruwan ya bushe nan take, gari ya zubo. Kowace ƙwayar garin nan ɗigon mai ce, ƙaro ya lulluɓe ta, kamar yadda ƙuli ke riƙe da mai a cikinsa. Garin ya kan yi watanni da ƙarfinsa, ba ya sakin man sai ya taɓa ruwa. Irinsa ne ke ba garin lemon sha na kanti ƙanshinsa.

Mu ba mu da wannan inji. Amma ga abin lura: Allah ya riga ya kulle maganin cikin bawonsa. Aikinmu shi ne kada mu buɗe sai ranar bukata.

Aiki na ɗaya: bawon lemo domin irin wake

Lemo ya kan yawaita a kasuwar Aboabo da hunturu, daidai lokacin da muke roron wake da tsinkar auduga. Ƙwaron wake tun a gona yake saka ƙwai, cikin wata guda kuma 'ya'yansa sun fito sun soma nasu.

1. Roƙi masu sayar da lemo su tara maka bawo mai tsabta. Ruɓaɓɓe ba shi da amfani.
2. Shanya shi a inuwa, inda iska ke ratsawa, har ya riƙa karyewa ƙas. Kada ka shanya a rana.
3. Zuba shi yadda yake cikin gwangwani ko kwalba, ka toshe baki. Kada ka daka tukuna.
4. Shanya waken a rana sosai, ka sheƙe, ka tsince masu huji.
5. Ranar ajiya ka daka bawon ya yi laushi, ka cuɗa tafi guda da kwanon wake guda, ka cika mazubi har wuya, ka liƙe.
6. Duba bayan wata guda. In ƙanshi ya tafi, ƙara sabon gari.

Wannan dabarar ɗan iri ce. Mai buhuna da yawa ya nemi buhu mai riɓi uku, wanda ake kira PICS, da aka soma bazawa a ƙasashenmu a 2007. Shi yana kashe ƙwaro ne da rashin iska.

Aiki na biyu: ƙwallon darbejiya domin auduga

Darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, ta cika Tamale. Tsuntsaye da jemagu su sha zaƙin, su yar da ƙwallon, mu kuwa mu share mu ƙona. A 1959 wani Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya lura a Sudan fara ta cinye kome ta bar darbejiya. A 1968 aka fid da sinadarin a Ingila, sunansa azadiraktin. Yana hana ƙwaro ci, yana hana tsutsa girma. Shi ma hasken rana ne abokin gabansa.

1. Tsinci 'ya'yan da suka nuna suka faɗo, ka wanke naman.
2. Shanya a inuwa, ka ajiye da ɓawonsa cikin kwando ko buhun algarara. Leda tana sa shi fumfuna.
3. Ana gobe feshi ka fasa, ka sheƙe, ka daka ƙwayar. Rabin kilo ya isa lita 10 ta ruwa.
4. Jiƙa ya kwana, ka tace da ƙyalle sau biyu don kada ya toshe bakin famfo. Narka ɗan sabulu a ciki.
5. Yi feshi da yamma, ka jiƙa ƙarƙashin ganye inda darɓa ke ɓuya. Maimaita bayan mako guda. Wanda ya ragu kada ka ajiye shi.

Gargaɗi

Ruwan darbejiya ba ya kashewa nan take, sai bayan kwanaki. Ya fi cin darɓa da tsutsa tun tana ƙarama. In tsutsa ta riga ta shige cikin ƙwallon auduga, ba zai same ta ba. Saboda haka kada wani ya fasa feshin da aka tsara masa ya ce malamin gona ya ce darbejiya ta isa. Ban ce ba. Ka zaga gonarka kowane mako, in ka ga tsutsa ta yi yawa ka aiko mini. Turmin da aka daka darbejiya kuma a wanke shi sosai, in ba haka ba uwargida za ta tuka tuwo mai ɗaci.

Gwada da kanka

Gani ya kori ji. Sami kwalabe 2, ka cika su da wake iri ɗaya. Sa garin bawo a guda, ka bar guda haka nan. Bayan wata 2 ka zuba ƙwaya 100 daga kowace, ka ƙirga masu huji. Kawo lissafin taronmu, mu gwama da na sauran jama'a, mu san gwargwadon da ya fi dacewa da wakenmu.

Tambayoyi

1. A ina man lemo yake zaune?
2. Don me ba a shanya bawo a rana?
3. Mene ne aikin ƙaro a ma'aikata?
4. Wane lokaci ake fesa ruwan darbejiya, kuma don me?

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.